Kaffarar Ɗan Sandan Ingila

Maigidana ɗan sanda ne a Ingila kafin aure ya kawo shi Greensboro, kuma ni ce auren. Dukanmu 'yan zangon Kumasi ne. Shi mahaifinsa ya tafi da shi Ingila tun yana ƙarami, ni kuwa sai da na girma na ci cacar biza na zo Amurka, na yi ta aikin kula da tsofaffi har na zama 'yar ƙasa. Gwaggonsa da mahaifiyata ƙawaye ne, su suka haɗa mu a waya, mu muka ƙarasa sauran da kanmu. Da aka zo maganar inda za a zauna, na ce ba zan bar aikina in koma ƙasar da rana ke leƙowa kamar amarya mai kunya ba. Ya yi dariya ya ce shi zai zo, ai ɗan sanda ko'ina ana nemansa.

Haka muka ɗauka mu duka. Mu 'yan Gana mun tashi muna jin tsofaffinmu suna cewa mai fasfon Ingila ba ya tsayuwa a ƙofa, ƙofar ce ke buɗewa tun daga nesa. Shi ya sa ranar walimar zuwansa, a filin gidan wani Alhaji a Pleasant Garden, tun bai sauke gajiyar jirgi ba Hajiyoyi suka laƙaba masa suna Kofur. Wata ta ce daga yau ta daina tsoron tikitin gudu. Wata ta ce ɗanta ba ya jin magana, za ta kawo shi a ɗan tsorata shi. Ni kuma ina zaune ina gyara ɗaurin kallabi, ina jin kaina kamar ni na haifi Ingilar.

Da katin zamansa ya fito, na raka shi wani taron masu neman ma'aikata. Akwai teburin 'yan sanda, da wani jami'i mai fara'a a zaune. Maigidana na buɗe baki jami'in ya ji Turancin Ingila, sai ya washe baki. Suka yi ta hira, ya tambaye shi ko da gaske ne a can ba sa yawo da bindiga, ya ce irinsa suke nema ido rufe, mai ƙwarewa kuma mai yare fiye da ɗaya. Sai ya tambaya ko shi ɗan ƙasa ne. Maigidana ya ciro katinsa da fasfonsa ya ajiye a kan tebur. Jami'in bai ko buɗe fasfon ba. Cikin ladabi ya tura masa kayansa, ya ce a jihar nan sai ɗan ƙasa ke saka kakin ɗan sanda, dokar ba tasa ba ce, amma ranar da ya samu takarda ya dawo ya neme shi.

A mota shi ya riga ni magana, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce ba komai, tunda 'yar ƙasa yake aure shekara uku ce kawai zai jira ya nemi zama ɗan ƙasa, ai kamar gobe ne.

Ya samu aikin gadi a wani babban ɗakin ajiyar kaya wajen McLeansville. Mutumin da ya saba raba faɗa a titi da rarrashin masu maye, ya koma ɗaga sandar shiga ga manyan motoci yana duba lambarsu. Amma rigar gadin nan haka yake goge ta har karinta ya tsaya, takalmin kuwa kana iya duba fuskarka a ciki. Nakan tsokane shi in ce, "Kofur, kwalayen nan sun san ana yi musu wannan kwalliyar kuwa?" Sai ya ce kaki kaki ne, ba a wulaƙanta shi. Ina dariya, amma har ga Allah tausayinsa nake ji. A masallaci har yanzu Kofur ake kiransa, wasu da ƙauna, wasu da ɗan abin da ke ƙarƙashin harshe, kuma yana jin bambancin.

Yana da wani aboki Bature, ɗan Ingila, wanda suka yi aiki tare a can. Shi ma aure ya kawo shi, yana zaune a Summerfield a gidan surukansa masu kiwon dawaki. Ya riga maigidana zuwa, saboda haka ya riga shi zama ɗan ƙasa, nan da nan kuma wani ƙaramin gari ya ɗauke shi aiki. Yakan zo mana cin shinkafa da wake, yana hawaye saboda yajin shito, soyayyen barkononmu na Gana, amma ba ya ajiye cokali. Ya ce mutanen garin suna son sa, ko tikiti ya rubuta wa mutum sai mutumin ya ce ya ƙara magana ya ji muryar. Duk zuwansa sai ya dafa kafaɗar maigidana ya ce ya yi haƙuri, saura kaɗan.

Shekara ukun ta cika. A lokacin 'yarmu ta fara gudu a tsakar ɗaki, ana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci. Na ce wa maigidana lokaci ya yi, mu cike takardu. Ya ce a bari sai bayan azumi. Azumi ya wuce, ya ce sai bayan babbar salla. Aka ci naman layya har ya ƙare a firiza, ya ce yanzu aiki ya yi yawa. Mutumin da ya haddace tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa tun shekarar farko, har ni yake gyara wa amsa, shi ne ya koma kamar an ce masa ya je a cire masa haƙori.

Ruwa ba ya tsami banza. Na fara lura. Na ga har yanzu yana hira da tsofaffin abokan aikinsa na Ingila. Na ga ya sabunta fasfonsa na can. Zuciyata ta ba ni cewa mutumin nan ya gaji da gadin kwali da matar da ta jawo masa, yana shirin komawa inda ake sara masa. Na ji tsoro sosai, kuma ni idan na ji tsoro faɗa nake yi. Na yi faɗa a kan kwanukan wanke-wanke, na yi a kan ciyawar ƙofar gida da bai yanke ba, na yi a kan komai ban da abin da ke cina.

Wata ranar Asabar motarsa ta lalace, na je ɗauko shi da la'asar. Muna hanyar dawowa, gonaki a dama da hagu, sai na ji ba zan iya kaiwa gida da maganar a cikina ba. Na gangara gefen titi na kashe mota.

Na ce, "Maigida, idan komawa za ka yi ka gaya mini yau. Ni ba yarinya ba ce. Amma ka sani 'yata ba ta zuwa ko'ina."

Ya kalle ni kamar na yi masa wani yare. "Komawa ina?"

"Ingila mana. In ba haka ba me ya hana ka cike aflikeshin ɗin nan? Mutane suna kuka suna neman abin da kai ka ajiye kamar tsohon takalmi."

Can ya ce, "Kin tuna abin da kika faɗa ranar da kika yi taki rantsuwar zama 'yar ƙasa?"

Gaskiya ban tuna ba. Ranar hankalina yana kan aikin yamma da zan shiga, na ɗaga hannu na bi bakin jama'a kawai. Ya ce shi ya karanta ta, ya sake karantawa. A cikinta mutum yana rantsuwa cewa ya yar da biyayyar da ya taɓa yi wa duk wani sarki ko wata ƙasa.

Na ce, "To sai me? Abokinka bai yi ba? Ba ya ce ko Ingilar ba ta damu ba, fasfonsa yana aljihunsa?"

Ya ce, "Shi bai dafa Alƙur'ani ba."

Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Mahaifinsa tsohon ɗan sandan Gana ne, kakansa ma ɗan sanda ne tun zamanin Turawa. Ranar da aka ɗauke shi aiki a Ingila, ya tsaya gaban alƙali ya yi alkawarin yi wa sarauniya aiki da gaskiya. Ya dawo gida da murnarsa, sai tsohon ya kira shi ɗaki, ya sa shi ya yi alwala. Ya ce masa alkawarin Bature ba ya kama Musulmi, zo ka yi namu. Ya ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani ya sa shi ya rantse da Allah cewa abin da ya ɗauka yau zai riƙe shi har ya mutu, ba zai ci amanarsa ba. Sannan ya ba shi tsohon usur ɗinsa na aiki.

Na ce, "Ei, Maigida! Sarauniyar ma ai ta rasu."

Ya ce, "Baba ma ya rasu. Shi ya sa ba ni da wanda zai kwance mini."

Na zo da faɗan mace da za a gudu a bari, na tarar da mutum yana ta fama da mahaifinsa da ke kabari, shi kaɗai, wata da watanni, yana kwana kusa da ni. Haushi ya kama ni don bai gaya mini ba, sai kuma na ji ina son sa fiye da ranar walima. Na tada mota na ce gobe za mu wajen Malam, kuma ba shawara nake ba shi ba.

Malam dattijo ne ɗan Nijar, yana koyar da yaranmu karatu ranar Asabar da Lahadi, sauran ranaku yana tsaron kantin kayan abincin gida. Ya saurari maigidana har ƙarshe yana jan carbi.

Ya ce, "Bon. Shi mahaifinka, da ya sa ka rantse, matar da ke fada yake nufi, ko kuwa kada ka ci haram ka zalunci talaka?"

Maigidana ya ce, "Malam, bai raba ba. Cewa ya yi abin da na ɗauka yau."

Malam ya gyaɗa kai. Ya ce to shi ma ba zai raba masa da ƙarfi ba. Amma addini bai ɗaure mutum a turken rantsuwa ba. Wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga abin da ya fi shi alheri, sai ya yi wanda ya fi, ya yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su. Gaskiyar aiki da tsoron Allah kuwa, waɗannan suna nan a wuyansa ko wace ƙasa ya yi wa aiki. Ya ce in yana so ya aika gida a ciyar a zango, ya wadatar.

Maigidana ya ce a'a. Da hannunsa ya dafa Littafin, da hannunsa yake so ya miƙa abincin.

To fa, ga aiki. Ina za ka samu miskinai goma a cikin mutanenmu na Greensboro? Ba wai babu masu buƙata ba, suna nan, na san gidajen da ake ƙirga ƙwai. Amma ka ce da Bahaushe a Amurka miskini? Na kira wata Hajiya da na san mijinta ya daɗe ba ya aiki, na yi ta kewaye-kewaye. Tana gane inda na dosa ta ce, "Ni ce miskiniya? Da mota biyu a ƙofar gidana? Ba ni da yunwa koraa, ko kaɗan." Ta kashe waya. Ɗaya daga cikin motocin nan kuwa ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Sai da na kai mata turmin atamfa kafin ta sake amsa gaisuwata.

Na koma wa Malam da ƙorafi. Ya yi murmushi, ya rage murya duk da ba kowa a kantin. Ya ce akwai wasu bayin Allah 'yan ƙasarsu da ba su daɗe da isowa ba, suna cunkushe a gida mai ɗaki biyu, suna jiran papiye, wato takardun zama, ba su da izinin aiki tukuna. Shi ke kai musu shinkafa idan ta samu. Ya ce sun ma fi goma, in mun dafa mu dafa da yawa. Ya ce zai sanar da su zuwanmu, amma da alama tsufa ya sa ya manta.

Na tashi da sassafe ranar Lahadi na ɗora babbar tukunya. Na dafa shinkafa da wake irin tamu ta zango, da karan dawa don ta yi ja, na soya nama da kifi, na dafa ƙwai da taliya, na cika kwalba da shito. Maigidana shi ya yanka albasa, shi ya wanke tukwane, bai bar ni na ɗauki ko faranti zuwa mota ba.

Gidan yana hawa na biyu, a bayan wani layin shaguna. Tun daga matakala muna jin rediyo da muryoyin maza suna gardamar ƙwallo. Maigidana ya ajiye kular abinci. Sai na ga ya koma gefen ƙofa, ya ba ta kafaɗa, ya dunƙule hannu ya buga da ƙarfi, bugu mai tsari, irin wanda ba ya neman izini. Bai san ya yi ba. Hannunsa ne ya tuna aikinsa.

Rediyon ya mutu. Gardamar ta mutu. Ka rantse ba a taɓa haihuwar mutum a gidan ba. Sai wani ɗan motsi da na ji kamar ana jan wani zuwa cikin ɗaki.

Na ture shi gefe na ce, "Kauce, Kofur, ka kashe mutane da tsoro." Na matsa bakin ƙofa na ɗaga murya. "Salamu alaikum, masu gida! 'Yar'uwarku ce, Malam ne ya aiko mu. Abinci ne, kuma yana hucewa."

Aka ɗauki lokaci kafin a amsa. Wani dattijo mai furfura a gemu ya buɗe kaɗan, ya kalle ni, ya kalli kuloli, ya kalli takalmin maigidana mai ƙyalli. Sannan ya buɗe duka. Na ga maza a tsaye jikin bango, wani riƙe da takalminsa a hannu. Na waiga na ga fuskar maigidana. Ban taɓa ganin kunya ta kama shi haka ba.

Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka juye abinci a manyan tire. Ni na zauna a kujerar kicin ina zuba ƙari. Maigidana ya durƙusa yana miƙa wa kowa nama da hannunsa. Da ciki ya fara ɗauka sai hira ta dawo, suna tsokanata wai 'yan Gana sun ɗauki wake sun mai da shi sarki. Dattijon, wanda aka ce direban babbar mota ne a gida, ya suɗe hannu ya yi mana addu'a, sannan ya tambaya, "Sadakar ta mece ce? Rasuwa aka yi, ko haihuwa? Mu san abin da za mu roƙa muku."

Na buɗe baki zan ce ta iyaye ce, don a rabu lafiya. Maigidana ya riga ni.

Ya ce, "Baba, kaffara ce. Zan warware wata rantsuwa in yi wata. Ina so in zama ɗan ƙasa, don in shiga aikin ɗan sanda."

Hannaye suka tsaya a cikin tire. Wani ya ajiye ƙwan da ya ɗauka. Maigidana ya yi sauri ya ce aikin ɗan sandan gari daban, na masu duba takardun shige da fice daban.

Dattijon ya ce, "Ɗana, wanda ke bayan ƙofa ba ya ganin bambancin. Bugun kawai yake ji." Sannan ya ƙara da cewa, "Mun ci abincinka, ya halatta, Allah ya karɓa. Aikin ma Allah ya ba ka, gara a samu namu a ciki. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da aka aike ka ƙofar wani, ko waye shi, ka fara yin sallama. Ka bar shi ya ji muryar mutum."

Maigidana ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, walla..."

Dattijon ya kama hannun ya sauke shi. "A'a. Kada ka rantse. Rantsuwa ta ishe ka haka. Ka yi kawai."

A makon ya cike takardunsa, ban ko tuna masa ba. Ranar da aka kira su rantsuwa na ɗauki hutu, na sa leshin da na ajiye don biki, wannan karon kuma na saurari kowace kalma. Da aka zo wurin yar da biyayyar sarakuna na ga hannunsa na hagu ya shiga aljihu, inda usur ɗin mahaifinsa yake. Ya furta kalmomin har ƙarshe. Abokinsa Bature yana gefena yana ɗaukar hoto. Dattijon bai zo ba, ya ce ƙafarsa ba ta son ginin gwamnati tukuna, amma ya ba Malam goro ya kawo mana.

Sauran ba su zo da sauƙi ba. Ya koma makarantar horo yana gudu da yaran da ya girme su nesa ba kusa ba, yana dawowa ina gasa masa gwiwa da ruwan zafi ina yi masa tsiya. Ya koyi riƙe bindiga, abin da har yau ba ya so. Hajiyar tikiti ta zo da kanta ta yi masa barka, ya gaya mata tun wuri cewa in ta yi gudu zai rubuta mata, ta ce ai dama ta san 'yan Ingila ba su da kara.

Ranar da ya fara fita aiki da kaki, na dawo gida kafin shi. Da gangan na kulle ƙofa na bar makullin a ciki yadda nasa ba zai shiga ba. Ina kicin na ji tsayuwar mota, na ji takunsa a matakala, na ji ya gwada makulli ya ƙi. Na rage wutar murhu na kasa kunne kamar ni ce ba ni da takarda.

"Salamu alaikum, masu gida."

'Yarmu ta zabura za ta buɗe, na riƙe ta. Ya sake yi, a hankali, ba tare da ya taɓa ƙofar ba. Hawaye suka zubo mini a kan hannun yarinyar. Na bar shi sai da ya yi ta uku kafin na amsa, don ni ma na sha jira.